Ranar da Akwatin Tela Ya Yi Shiru

A garin Meiganga, hedkwatar gundumar Mbere a tudun Adamawa na ƙasar Kamaru, an yi wani tela Bahaushe wanda fatauci ya kawo mahaifinsa daga ƙasar Hausa. Telan ya karɓi Almasihu tun yana saurayi, sa'ad da yake ɗinka wa 'yan makarantar mishan riguna. Wannan ya mai da shi baƙo a wuri biyu. A unguwar Hausawa ana gaisawa da shi, ana kawo masa ɗinki, amma ba a kiransa cin tuwo kamar dā. A majami'a kuwa an karɓe shi hannu bibbiyu, sai dai da harshen Gbaya ake yin sujada, gama tun cikin shekarun 1920 Turawan mishan na Lutheran daga Amurka suka kafa aikinsu a cikin mutanen Gbaya. Yana jin harshen gwargwadon na ciniki, matarsa ma 'yar Gbaya ce. Amma in ya durƙusa zai yi addu'a, da Hausa take fitowa, ba shi kuwa da wanda zai ce masa amin da Hausa.

A shekarar 1968 ya tara kuɗin ɗinkin Kirsimati ya sayi akwatin rediyo mai cin batir huɗu. Shekaru ashirin kafin wannan, mutum irinsa ba zai iya ba, domin akwatunan dā manya ne, masu tsada, ga cin wuta. Abin da ya sauya al'amarin shi ne wata 'yar ƙaramar na'ura da ake kira tiransisto, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. A 1954 aka fara sayar da rediyon da ke aiki da ita. Ba a daɗe ba sai ga akwatin a rataye a kafaɗar makiyayi, ga shi a teburin mai shayi, ga shi kuma kusa da keken ɗinkin tela a Meiganga.

Da farko tashar Garwa yake kamawa, wadda aka buɗe a 1958, tana magana da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Yana kama Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, da sashen Hausa na BBC da ya soma a watan Maris 1957. Rannan da maraice yana murɗa akwatin a gajeren zango, sai ya ji ana raira waƙar sujada da Hausa. Ya tsai da keke. Bayan waƙar wani mutum ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi bayani, ya yi addu'a. Telan ya ce amin da ƙarfi, shi kaɗai a cikin shago.

Shirin na Muryar Bishara ne, wanda ake ɗauka a Jos ta Nijeriya. Amma ba daga Jos yake tasowa ba. Sai an ɗauki muryar a faifai, a sa a jirgin sama a kai Adis Ababa ta ƙasar Habasha. A can Tarayyar Ikkilisiyoyin Lutheran ta Duniya take da babbar tasha, wadda Sarki Haile Selassie ya buɗe ran 26 ga Fabrairu 1963, da manyan na'urori biyu na gajeren zango, kowace mai ƙarfin kilowat 100. Haka kuma ake yi da shirin Fulatanci na Sawtu Linjiila, wanda aka fara a 1966 a Ngaundere, wajen kilomita 160 kawai daga Meiganga. Muryar maƙwabci sai ta yi tafiyar kwanaki zuwa gabashin Afirka, sa'an nan ta komo ta iska, tafiyar kilomita wajen 2,700, kafin ƙiftawar ido.

Shekara tara telan yana wannan saurare. In lokacin ya yi sai ya sallami yaran shago, ya tura ƙofa, ya rage murya don kada maƙwabta su ji. Ya taɓa rubuta wasiƙa zuwa Jos, bayan wata biyu aka amsa masa da ɗan littafi. Ya adana wasiƙar a aljihun keke.

Cikin watan Maris 1977, ran nan ya murɗa akwatin zuwa inda ya saba, bai ji kowa ba sai shuu. Ya sake batir, bai ji ba. Kashegari haka, jibi haka. A rana ta huɗu ya naɗe akwatin a ƙyalle ya kai wa wani saurayi mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, Musulmi, ɗan unguwarsu.

Saurayin ya kunna, ya kama Garwa tar, ya kama London. Ya ce, “Baba, akwatinka lafiyarsa ƙalau. Wace tasha ce ta ɓace maka?”

Telan ya ɗan yi jim, sa'an nan ya faɗa masa gaskiya.

Saurayin bai nuna komai a fuska ba. Ya jawo masa benci ya ce, “Zauna, Baba, in gaya maka yadda abin yake. Ka san murya ba ta da ƙafa. In ka yi kira daga nan, ko tashar mota ba za a ji ka ba. To, masu rediyo jaki suke nema mata. Na'urar tasha tana haifar da wata igiya ta lantarki wadda ido ba ya gani, tana fita daga dogon ƙarfen nan na eriya, tana gudu irin na haske. Ita ce jakin. Makirufo kuwa yana mai da muryar mutum ta zama lantarki, sai a ɗora ta a kan jakin kamar kaya. Akwatinka aikinsa uku ne: ya tare jakin da ka zaɓa a cikin dubu, ya sauke kayan, ya zuba maka a lasifika. In jaki bai iso ba, ba laifin mai sauke kaya ba ne.”

Telan ya ce, “To, ɗana, me zai hana jaki isowa?”

Ya ce, “Ko hanya ta ɓaci, ko mai jakin ya ɗaure abinsa. In hanya ce, gobe ko jibi za ka ji. In an kwana huɗu, to, a tambayi mai jaki.” Bai karɓi ko dala ba.

Bayanin saurayin daidai yake da abin da ke cikin littattafan masana. Igiyar tana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ana ɗora mata murya ta hanya biyu. Ko dai a riƙa ƙara ƙarfinta ana ragewa bisa ga hawa da saukar muryar, wannan shi ne AM, wanda gajeren zango da matsakaicin zango suke amfani da shi. Ko kuwa a bar ƙarfin yadda yake, a riƙa sauya saurin kaɗawarta, wannan shi ne FM, wanda Edwin Armstrong ya fito da shi a 1933. Maganar ɓacin hanya ma gaskiya ce. Can sama, nisan ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki. Igiyar gajeren zango in ta buge shi sai ta komo ƙasa a wuri mai nisa, kamar yadda madubi yake mai da haske. Rufin yana sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa murya takan yi ƙarfi ta dushe, shi ya sa kuma tashoshi suke sauya mita da safe da maraice. Igiyar FM ba ta komowa, ratsa rufin take yi ta wuce. Muryarta garau take, amma iyakarta inda eriya take hange.

Ba mutum ɗaya ne ya samo wannan jaki ba. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya nuna da lissafi a cikin shekarun 1860 cewa akwai irin wannan igiya. Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji wajen 1887. Guglielmo Marconi na Italiya ya aika da alama ta iska a 1895, a watan Disamba 1901 kuma alamarsa ta ƙetare tekun Atlantika daga Ingila. A lokacin ba murya ake aikawa ba, ƙwanƙwasa ce irin ta tangaraho. Ana ba da labari cewa a daren jajiberin Kirsimati na 1906 Reginald Fessenden ya aika da kiɗa da karatu daga Bisharar Luka, ma'aikatan jiragen ruwa suka ji. A 1920 tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta fara shirye-shirye na kullum, BBC ta biyo a 1922. Ikkilisiya ba ta yi jinkiri ba. A 1931 aka buɗe Rediyon Vatican, a ranar Kirsimati ta wannan shekara kuma tashar HCJB ta fara wa'azi daga Kito ta ƙasar Ekwado. A watan Janairu 1954 mishan ɗin SIM ta buɗe ELWA kusa da Monrobiya ta Laberiya, wadda ita ma ta riƙa watsa shirin Hausa.

Bayan mako biyu wani fasto da ya dawo daga Ngaundere ya kawo labari. Gwamnatin sojan da ta tumɓuke Haile Selassie a 1974 ta ƙwace tashar Adis Ababa ran 12 ga Maris 1977, ta sauya mata suna, ta mai da ita bakin juyin juya hali. Na'urorin suna nan, eriya tana nan, jakin yana nan da ƙarfinsa. Mai shi ne ya sake, kaya kuma suka sake.

Telan ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Yakan laluba ELWA, wani dare ta zo sama-sama, wani dare ta ƙi. Ran nan matarsa ta ajiye masa tuwo ta zauna, ta ce, “Maigida, shekara tara ana yi maka wa'azi a ɗaki a rufe. Ni da nake gidan nan ban taɓa jin abin da ake gaya maka ba. Yanzu da mai maganar ya tafi, me ya bar maka?”

Maganar ta yi masa zafi, amma bai sami amsa ba. Da dare ya kwanta yana lissafi, sai ya tarar ashe abin da aka bar masa ba kaɗan ba ne. Waƙoƙi da yawa suna kansa. Ya san labarin Yusufu da na Rut, ya san misalan Yesu, ya san yadda ake buɗe addu'a da yadda ake rufewa. Shekara tara ana zuba hatsi a rumbu, shi kuwa bai taɓa buɗe rumbun ya ba kowa ba. Ya ga kuma abin da ya fi wannan nauyi: ya mai da akwatin majami'arsa, domin akwati ba ya tambayar mutum inda ya kwana, ba ya rashin lafiya balle a je gaishe shi, ba ya neman bashi.

Ran Laraba ta gaba bai tura ƙofar shago ba. Ya kira wani direban babbar mota mutumin Numan da yake yawan kwana a garin, da wasu 'yan'uwa biyu masu aikin gini daga wajen Jos, da matarsa. Su biyar suka zauna tsakanin keke da tarin yadi. Ya raira abin da ya riƙe, ya karanta, ya yi bayani da irin kalmomin da ya ji ana yi. Muryarsa tana rawa. Da ya gama addu'a mutum huɗu suka ce amin. Daga baya, da ma'aikatan Sawtu Linjiila suka mai da hankali ga kaset, ya sayi rikoda, ana kawo masa kaset na Fulatanci. Ranar kasuwa makiyaya masu jiran ɗinki sukan zauna su ji. Waɗansu su yi tambaya, waɗansu su tashi su fita. Wanda ya yi tambaya yakan sami mutum a gabansa mai amsawa, abin da tashar kilowat 100 ba ta iya yi.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara koya masa darajar mai riƙe da jaki. Ran 4 ga Nuwamba 1982 da dare, ta rediyo mutanen Kamaru suka ji Shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, wanda shi kansa ma'aikacin tangaraho ne a gidan waya kafin ya shiga siyasa, yana cewa ya sauka daga mulki. Ran 6 ga Afrilu 1984 waɗansu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Paul Biya. Gidan rediyon Yawunde na cikin wuraren da suka fara kamawa, suka karanta jawabinsu. Amma wani ma'aikacin na'ura ya yi dabara, jawabin bai wuce kewayen Yawunde ba, sauran ƙasa ba ta ji ba. Yunƙurin ya rushe. Telan yakan ce wa yaran shagonsa, masu bindiga sun kama makirufo, amma linzamin yana hannun wani talaka da ba wanda ya san sunansa.

Talabijin ta makara a Kamaru. John Logie Baird ya nuna ta a London tun 1926, BBC ta fara shirye-shiryenta na kullum a 1936, Ibadan ta sami tasha a watan Oktoba 1959. Kamaru kuwa sai a watan Maris 1985 aka fara nuna hoto, daga taron jam'iyya mai mulki a Bamenda. A watan Agusta na shekarar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci ƙasar, har ya zo Garwa. A watan Disamba 1987 aka haɗa rediyo da talabijin na gwamnati a hukuma ɗaya, CRTV. Aikin talabijin bai bambanta da na rediyo ba, sai dai kayan sun fi nauyi. A wancan zamani kyamara tana yanka hoto layi-layi, layi 625, tana aika hoto 25 a kowace daƙiƙa, ido kuwa ya haɗa su ya ga motsi. Irin wannan kaya ba ya hawa gajeren zango. Dole a kafa eriya a kan tuddai, wannan ta miƙa wa wancan, ko kuwa a bi ta tauraron ɗan adam. Shi ya sa ta fi tsada, ta kuma daɗe ba ta kai ƙauye ba.

Telan bai sayi talabijin ba. Amma ran 8 ga Yuni 1990 yana cikin taron da ya cika tsakar gidan wani maƙwabci, aka ga Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a gasar ƙwallon duniya, Omam-Biyik ne ya ci da ka. A daren nan Bagbaye da Bafulatani da Bahaushe suka rungumi juna, ba wanda ya tambayi addinin wani. A cikin wannan shekara kuma yaƙin basasar Laberiya ya cinye tashar ELWA. Wannan karon telan bai kai akwati wurin mai gyara ba. Ran Laraba aka taru kamar kullum, aka yi wa mutanen Laberiya addu'a.

A 1992 rikici ya ɓarke a Meiganga tsakanin Gbaya da Fulani, aka yi asarar rayuka. Mutanen da suka rungumi juna a gaban talabijin suka rufe ƙofofi. Gidan telan yana tsakiya, miji Bahaushe, mata 'yar Gbaya, kowane ɓangare yana iya ganinsu na wancan ne. Garin ba shi da tashar kansa da za ta ce ga abin da ya faru, ga abin da bai faru ba. Jita-jita ce ta riƙe gari, ita kuwa ba ta bukatar batir. Wanda ya zo da dare ya ƙwanƙwasa ƙofar telan ya ce su kwana a gidansa, shi ne mai gyaran rediyon nan, wanda a lokacin ya zama magidanci. Shekara biyu bayan haka duniya ta ji abin da tashar RTLM ta yi a Ruwanda, inda aka yi ta kiran mutane ta rediyo su kashe maƙwabtansu. Telan ya gane cewa rashin tasha masifa ne, tasha a hannun mugu kuma ta fi shi. Jaki ba ya tambayar abin da aka ɗora masa.

Dokar da ta buɗe fagen yaɗa labarai a Kamaru ta fito a watan Disamba 1990, amma sai a watan Afrilu 2000 aka sa hannu a takardar da ta ba masu zaman kansu izinin kafa tasha. Daga nan ƙananan tashoshin FM suka yawaita, Meiganga ma ta sami tata ta al'umma, Tikiri FM. Telan ya rayu har ya ji wannan. Abin da ya fi burge shi ba tsabtar muryar ba ce. Shi ne cewa mai magana a tashar gari, in ya gama, a kasuwa ɗaya zai sayi nama da masu sauraronsa. In ya yi ƙarya za a tare shi, in ya faɗi alheri za a gode masa. Muryar da dā sai ta je Habasha ta komo, yanzu ta zama ta maƙwabci mai fuska.

Yau jikokinsa a wayar hannu suke jin wa'azi da labarai, kowa da abin toshe kunnensa, kowa kuma yana iya aika tasa muryar zuwa ga mutum dubu ba tare da eriya ba. Linzamin da dā yake hannun sarakuna da sojoji da hukumomin mishan ya shigo aljihun kowane mai bi. Tambayoyin da telan ya koya da wuya sun zama na kowa: wane ne ya ɗora wannan kaya, gaskiya ne ko ƙarya, in kuma an tura wa wani, gina shi zai yi ko rushe shi? Akwai kuma tambayar matarsa, wadda ba ta tsufa: in mai maganar ya yi shiru gobe, me ya rage a zuciya, wa kuma aka ba?

Ya rasu da tsufa, aka binne shi a Meiganga. A wurin jana'izar an yi waƙa da Gbaya, an yi da Hausa, mai gyaran rediyo kuma yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa. Akwatin yana nan a ɗakin babbar 'yarsa, an lulluɓe shi da ƙyallen da ya ɗinka masa da hannunsa, ya daɗe ba ya aiki. Taron ran Laraba kuwa bai mutu ba. Ya bar shago ya koma wani ɗaki a harabar majami'a, inda masu jin Hausa, baƙi da 'yan gari, suke haɗuwa da maraice, ƙofa a buɗe.